Kwashe siton bayan gida da sake shirya shi kafin ruwa ya sauka

Abin da ya tunzura ni na kwashe siton bayan gidanmu bai taka kara ya karya ba. Filaya nake nema in ɗaure wayar dangar lambu. Na yi kusan rabin awa ina ɗaga buhu ina sauke kwali, ban gan ta ba, na aiki yaro ya sayo sabuwa. Bayan mako biyu, da aka fito da komai tsakar gida, filaya uku muka ƙirga ban da sabuwar. Uwargida ta tsaya bakin kicin tana kallo, ta ce, "Maigida, shago za ka buɗe ne?"

Siton namu ɗakin bulo ne mai rufin kwano, ƙafa 10 da 12, a ƙuryar gida kusa da lambu, a nan Zariya. Nan ake ajiye kayan noma, nan nake ɗan ƙwanƙwase-ƙwanƙwasena, kuma nan ne duk abin da aka rasa inda za a kai a gidan yake ƙarewa. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana, kuma gaskiya ne. Sai dai abin da ka ajiye ka kasa gano shi ranar buƙata, gara da ɓera ka ajiye wa. Duk tsarin da zan kawo a kan doka ɗaya ya tsaya: daɓen sito na tsintsiya ne. Abin da zai zauna a ciki, ko a rataye shi, ko a ɗora shi a kan wani abu.

Lokacin da ya dace

Tsakanin Disamba da Fabrairu. An gama kaka, ruwa ya ɗauke, kana iya barin kaya a waje kwana uku ba fargaba, iskar hunturu kuma tana busar da ɗaki cikin yini guda. Wanda ya bari sai Afrilu zai sha zafin bazara a ƙarƙashin kwano, ga hadari ya fara leƙowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka ware kwana biyu zuwa uku, ka samu mataimaki ɗaya babba, ba yara ba. Ka tanadi tamfol ko tsofaffin buhuna da za a shimfiɗa, takunkumin fuska, safar hannu mai kauri, takalmi rufaffe, tocila, doguwar sanda, ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, da alli ko gawayi. Da silifas ba a shiga tsohon sito.

Mataki na farko: kafin ka taɓa komai

Ka buɗe ƙofa da taga, ka bar ɗakin ya sha iska kamar rabin awa. Sannan ka haska kusurwoyi da tocila, ka bubbuga kaya da sanda kafin ka kai hannu. Kunama tana son ƙarƙashin bulo da cikin tsohon takalmi, maciji kuma ɓera yake bi, duk inda ɓera ya yi gida yana iya kasancewa. Abu mai faɗi da ke ƙasa, kamar falle na kwano ko falanki, ka ɗaga shi ta yadda buɗewar za ta kalli can gaba, ba ƙafarka ba. In tsautsayi ya sa an yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure hannu tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a yi asibiti da shi nan take.

Sai kashin ɓera. Kada ka ɗauki tsintsiya ka hau share shi a bushe. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga mutane, kuma a watannin rani ya fi yaɗuwa, wato daidai lokacin wannan aiki. Ka haɗa bilic awo ɗaya da ruwa awo tara, ka yayyafa a kan kashin da sheƙar, ka jira mintuna biyar zuwa goma, sannan ka kwashe da shebur. Mataccen ɓera ma haka, ka jiƙa shi, ka sa a leda, ka binne. Bilic ba a gauraya shi da wani sinadari.

Mataki na biyu: a fitar da komai

Komai nake nufi. Gyaran sito kusurwa-kusurwa yaudarar kai ne, tarkace kawai kake matsarwa daga hagu zuwa dama. Na yi hakan shekara da shekaru.

Guba da mai su ne farkon fita, kuma kai da kanka za ka fitar da su: maganin ciyawa, maganin ƙwari, fiya-fiya, maganin ɓera, fetur, kananzir, baƙin mai, tsohon batir. Ka kai su inuwa nesa da kicin da wurin wasan yara da kaji, ka kifa babban baho a kai. Bayan su sai masu kaifi, sai masu nauyi, sai tarkace.

Ka zana gida huɗu a ƙasa da gawayi. Na farko na abin da zai koma ciki. Na biyu na abin da ke son gyara. Na uku na sayarwa ko kyauta. Na huɗu bola. Duk abin da ya fito ƙofa, a yanke masa hukunci kafin a dire shi. Tambayar da na riƙa yi wa kaina ita ce: damina biyu da suka wuce, na taɓa wannan? In ban taɓa ba, kuma ba shi da wuyar samu a kasuwa, ya tafi.

Kaya iri uku ne ba sa shiga wannan hukunci. Na farko kayan aro. Na tsinci diga ta maƙwabcina wadda shi kansa ya manta tana wurina, na wanke ta na kai masa ina ba da haƙuri, ya yi dariya ya ce ai ya daɗe da zargin yaransa. Na biyu kayan mamaci. Garmar mahaifi ko akwatin kayan aikinsa na iya zama cikin gadon da ba a raba ba, don haka ka tuntuɓi 'yan'uwa kafin ka sayar wa mai gwangwan, komai tsatsarta. Rigimar da tsohuwar garma za ta haifar ta fi ƙarfin kuɗinta. Na uku tsofaffin alluna da takardu masu ayoyi, waɗanda ba a haɗa su da shara, a ware su a bi da su yadda malamai suka koyar.

Gida na biyu shi ne tarko. In ka yi sake, rabin kayan can za su tare. Ka ba kanka mako biyu: abin da bai je wurin maƙeri ko mai walda ko mai gyaran inji ba a cikin wa'adin nan, ya koma gida na uku. Ƙarafa kuwa, ka rarrabe su kafin ka kira 'yan gwangwan. Jan ƙarfe na cikin waya, da alminiyam, da tsohon batir, kowanne farashinsa daban da na baƙin ƙarfe. In ka tara su tsibi guda aka ɗora a sikeli, kuɗin mafi araha za a ba ka. Batir kada ka fasa shi ko ka zubar da ruwansa a gida, ka sayar da shi yadda yake.

Mataki na uku: ɗakin da kansa

Yanzu da ya zama wayam, ka shiga da tsakar rana ka rufe ƙofa. Duk inda ka ga haske ya ratso ta rufi, nan ruwa zai biyo. Ka yi wa wurin alama da alli. Yawanci ƙusa ce ta saki ko ta yi tsatsa, sai a canza ta a liƙe ramin, amma in falle ya ruɓe a sauya shi gaba ɗaya.

Sai ka bi gindin bango da tocila kana neman hanyar gara, wannan siririn layin ƙasa da take ginawa. Ka kankare shi, ka bi shi har inda ya fito. Ka caka sukundireba a katakon ƙofa da na rufi, in ta nutse kamar a burodi, katakon ya gama aiki. Tsagar daɓe da ta bango a cike su da siminti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɗan ƙaramin ɓera ramin da fensir zai shige ya ishe shi. Ramin ɓera ka fara cusa masa tsakuwa ko guntun ragar ƙarfe kafin ka shafe. Taga da ramukan shan iska a sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, ba ta roba ba. Ƙasan ƙofa, in akwai rata, a buga mata guntun kwano. Kada dai ka toshe hanyar iska gaba ɗaya, ɗakin da ke da taki da magani da mai yana buƙatar iska ta shiga ta fita.

A waje, ka nome ciyawar da ke jikin bango, ka janye itacen girki da tsofaffin bulo daga gindinsa, ka gyara ƙasa ta gangara waje don ruwan rufi kada ya kwanta. In da hali ka shafa farar ƙasa a ciki. Ɗaki ya fi haske, sabuwar hanyar gara kuma daga bakin ƙofa za ka hango ta.

Mataki na huɗu: kanta, benci da bangon rataya

Kafin ka kira kafinta, ka zana tsarin a daɓe da alli, ka tura baro ciki ka ga ko zai juya. Hanya ta tsakiya kada ta gaza faɗin baro da ɗan ƙari.

Ni na sa mai walda ya yi mini ƙafafun kanta da ƙarfe, aka shimfiɗa falanki mai faɗin inci 12 a kai. Ya fi katako zalla tsada, amma gara ba ta hawan ƙarfe da sauƙi. In katako za ka yi duka, ka shafe shi da maganin gara, ka ɗora ƙafafun a kan bulo. Hawa na ƙasa ya tashi taƙi guda daga daɓe domin tsintsiya ta shige, kantar kuma ta bar kamar tafin hannu tsakaninta da bango, a riƙe ta daga sama da ƙarfe don kada ta rinjayo. Tokara a kowace ƙafa biyu zuwa biyu da rabi, in ba haka ba falanki zai lanƙwashe. Kada ka yi kanta mai zurfi. Abin da ya koma bayan wani abu ya ɓata, haka filayoyina suka yi.

Bencin aiki ya zauna ƙarƙashin taga, tsayinsa daidai kwankwasonka. A samansa ka buga falanki ko guntun silin mai kauri, ka rataye guduma, zarto, filaya, sufana, kurfi da magagari, ka zagaye kowanne da fenti ko maka. Siffar da ta zauna babu komai a kanta ita za ta gaya maka abin da aka ara ba a dawo da shi ba. Ƙusa da noti su shiga robobi masu haske, kowane girma da nasa. Gwangwanin madara ma yana yi, sai dai ka ɗaure samfuri ɗaya a jikinsa.

Masu dogon hannu, fartanya, garma, sungumi, shebur, manjagara, bangon kusa da ƙofa ne nasu, tunda su ake ɗauka kullum. Falanki ɗaya a kwance a jikin bango, ƙusa 'yar inci 4 bibbiyu, kan kayan ya zauna tsakanin ƙusoshin, haƙoran manjagara su kalli bango. Adda, lauje da gatari su hau inda hannun yaro ba ya kaiwa, amma kada su wuce kan babba, don kar wani ya jawo su faɗo masa. Tiyo a tsiyaye ruwansa a naɗe shi a jikin tsohuwar taya ko bokitin da aka kafe a bango, ƙusa ɗaya karya shi take yi.

Mataki na biyar: guba, mai, taki da iri

Nan ne nake so mai karatu ya rage sauri, domin sauran duk asarar kuɗi ce, wannan kuwa ta rai ce.

A cikin abin da na fitar akwai robar lemon kwalba cike da wani ruwa mai duhu, ba rubutu. Ni na juye shi da hannuna wata shekara da galan ya fashe, kuma na kasa tuna ko maganin ciyawa ne ko na ƙwari. Robar tana hawa na ƙasa, daidai idon ɗan shekara uku. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Magani a cikin mazubinsa na asali yake zama, da takardarsa. Ka samu akwatin ƙarfe ko tsohuwar loka mai kwaɗo, makullin ya zauna wurinka. Na gari a sama, na ruwa a ƙasa cikin baho, don in ya tsiyaya kada ya jiƙa sauran. Maganin ciyawa gefe guda, na ƙwari gefe guda. Ka duba zanen launi da ke ƙasan takarda: ja ya fi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ka duba kwanan wata, yawancinsu shekara biyu ake ba su daga ranar da aka yi su. Wanda ya wuce wa'adi, ko ya daskare, ko takardarsa ta goge, kada a zuba shi a kwata ko masai ko kusa da rijiya. Ka rufe shi cikin wata roba, ka rubuta "guba" a jiki, ka nemi malamin gona ko dillalin da ka saya a wurinsa ya nuna maka yadda za a yi da shi. Galan da ya ƙare a ɗauraye shi sau uku, ruwan ɗaurayar ya shiga injin feshi, sannan a huda gindinsa. Hudawar dole ce, in ba haka ba wata rana za ka gan shi da man gyaɗa ko ruwan sha a ciki.

Ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake jefawa cikin buhun wake ko masara, da ta ji danshin iska take sakin iskar guba. In sitonka ya haɗa bango ko rufi da ɗakin kwana, kada ka yi amfani da ita a ciki. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska ba tare da magani ba, muddin hatsin ya bushe kuma an ɗaure kowace leda daban. Ra'ayina dai, abinci da dusar dabbobi su bar ɗakin da guba take. In babu wani wuri, su shiga duro mai murfi a bangon da ya fi nisa da akwatin magani.

Injin feshi a wanke shi sau uku, a fesa ruwa mai tsabta ta bakinsa, a rataye shi a kife da murfi a buɗe. In kana da hali ka ware ɗaya na maganin ciyawa kaɗai ka shafa masa jan fenti. Ɗan ragowar maganin ciyawa irin 2,4-D a tanki ya isa ya murɗe ganyen tumatir da barkono.

Fetur ya fi kyau a wata 'yar rumfa a waje cikin inuwa, a jarka mai murfi sosai. Tururinsa ƙasa yake bi, ya kan kai inda ba ka zata ba. Janareta da injin ban ruwa in za su daɗe a ajiye, a rufe makunnin mai a bar su su shanye na cikin kafireta, a zubar da ruwan cikin famfo. Ba a tayar da janareta a cikin sito ko da ƙofa a buɗe. Bokitin yashi ya zauna bakin ƙofa, wutar fetur ba a kashe ta da ruwa.

Taki kuma danshi ne abokin gabarsa, musamman yuriya. Rabin buhun da na bari a daɓe baki buɗe, na tarar da shi ya dunƙule kamar dutse, ruwan da ya tsatso daga gindinsa ya cinye bakin shebur biyu da ke jingine kusa. Buhun taki da na siminti a kan katakon da aka ɗora bisa bulo suke zama, ba sa taɓa bango, wanda aka buɗe a murɗe ledar ciki a ɗaure, kuma nesa da ƙarafa da mai.

Iri kuwa zafin kwano kashe shi yake yi. Ka zuba shi a kwalba mai murfi bayan ya bushe, ka rubuta suna da shekara, ka kai shi ɗaki mafi sanyi a gida. Tsohon da ka tsinta, gwada shi kafin ka dogara da shi: ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a riƙa yayyafa ruwa, a duba bayan kwana bakwai zuwa goma. In 16 ko fiye suka tsiro, yana nan da ransa. In bai kai rabi ba, sayi sabo. Irin albasa da wuya ya wuce shekara, na tumatir ya fi shi juriya. Irin da ka ga an rina shi ja ko shuɗi, magani ne a jikinsa, ba na ci ba ne, ba na kaji ba.

Mataki na shida: gyaran kaya da mayar da su

Kada ƙarfe ya koma ciki da ƙasa a jikinsa. A kankare, a goge tsatsa da burushin waya da ɗan kananzir, a wasa baki da magagari, a shafa mai kaɗan da tsumma. Ƙotar da ta tsage ko ta yi sako-sako, kai wa maƙeri yanzu. Wanda nake kai wa nawa, wani dattijo, ya juya garmata ya ce, "Yaro, yau da ka zo ni kaɗai ne. Ran da aka yi ruwan shuka, layi za ka bi har la'asar."

Masu nauyi su fara shiga, su zauna ƙasan kanta. Abin da ake ɗauka kullum tsakanin kwankwaso da kafaɗa. Na shekara-shekara, irin su tamfol da buhunan da aka ninke aka ɗaure, can sama. Kwali ya fita daga sito kwata-kwata, abincin gara ne kuma katifar ɓera, roba mai murfi ta maye gurbinsa. Baro a jingine shi tsaye. Ka bar hawa ɗaya babu komai, domin kayan damina suna tafe.

Sannan ka kira mutanen gida ka zagaya da su, ka nuna musu inda komai yake da abin da ba a taɓawa. Ni na ba uwargida hawa biyu na manyan tukwanen biki da turminta, muka yi yarjejeniya cewa karyayyar kujera ba za ta sake kwana a ciki ba. Na rataye ɗan littafi da biro a bayan ƙofa na rubuta aro. Kowace Asabar ta farkon wata ana shara, kuma tunda daɓen fili ne, mintuna goma sun isa, a nan ake ganin sabon kashin ɓera ko hanyar gara tun tana ƙarama.

Gwaji na ƙarshe sai ruwan farko. Da ya sauko na ɗauki tocila na shiga na tsaya. Duk ramukan da na yi wa alama sun riƙe, sai guda da hasken rana bai nuna mini ba, inda falle biyu suka haɗu, yana ɗiga daidai kan buhun takin NPK. Na ja katakon gefe, na tara bokiti, washegari da kwano ya bushe na hau tsani.